Kyamara ko Eriya: Da Wanne Za a Kamo Falakin Tauraron Ɗan'adam Daga Bauchi?

Ɗan wana ne ya shigo mini gida wata Asabar bayan la'asar, ko takalmi bai gama cirewa ba ya miƙo mini takarda.

"Baffa, sun amince da taken. Amma malamin ya ce sai na kawo awo na kaina, ba na intanet ba."

Aikin kammala digirinsa ne a fiziks: lissafin falakin tauraron ɗan'adam, wato hanyar da yake bi yana kewaya duniya, daga awon da aka yi a ƙasa. Shi a tunaninsa zai shiga shafin CelesTrak ya sauko da layukan nan biyu na bayanin falaki da ake kira TLE, ya zuba su cikin manhajar Gpredict, ya buga taswira mai launi, shi ke nan. Na ce masa malaminka ya yi gaskiya. Layukan nan amsar wasu ce. Sojojin Amurka ne suka auna da radarsu da madubansu na hangen nesa, suka yi lissafin, suka fitar wa duniya. Wanda ya kawo su a matsayin aikinsa ya kwafo amsa ce daga bayan littafi.

Tun da na san ba shi kaɗai ba ne mai wannan tambaya tsakanin ɗaliban jami'a na Yelwa da Gubi da Kashere, bari in shimfiɗa abin da na gaya masa.

Abin da ake nema lambobi shida ne. Uku na faɗin inda tauraron yake a wani lokaci, uku na faɗin gudunsa da inda ya dosa. Masu son tsarin Kepler kan juya su zuwa wasu shida: girman falakin, yadda ya miƙe kamar ƙwai, karkatarsa daga ikwaita, inda yake ratsa ikwaitar, inda ya fi kusantar ƙasa, da inda tauraron yake a kan hanyar. Duk ɗaya ne. Matsalar ita ce babu wata na'ura a ƙasa da za ta ba ka shidan a kallo ɗaya. Kyamara tana ba ka kusurwa biyu, ba ta san nisa ba. Rediyo yana ba ka lamba ɗaya tak, saurin da tauraron ke matsowa ko ke nisantarka. Sauran duk da lissafi ake cike su.

Radar da lesa mu ajiye su gefe tun yanzu. Tashoshin lesa na harba haske zuwa taurari masu madubi irin LAGEOS da aka harba a 1976, su auna nisa daidai da santimita ko ƙasa da haka, kuma akwai irin wannan tasha a Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu. Ɗalibi ba zai taɓa wannan ba. Ko cibiyar hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da ke Toro, wadda ke nazarin siffar ƙasa da motsinta, abin da za ta fi amfanar ɗalibi da shi shi ne sanin yadda ake tantance matsayin tasha da GPS, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Zaɓin gaskiya biyu ne: kyamara ko eriya.

Kyamara ce mai tsohon tarihi. Ranar 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi ya hango Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya mai kewaya rana, daga Palermo a Italiya, ya bi ta kwana arba'in da 'yan kai, sai ta shige hasken rana ta ɓace. Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki wannan ɗan guntun awo ya lissafa inda za ta ɓullo, kuma a Disamba na shekarar aka same ta kusa da inda ya nuna. Hanyarsa har yau ita ake koyarwa: kallo uku, kowanne da kusurwa biyu, ka sami lambobi shida don gano abubuwa shida. A tsakiyar lissafin akwai ikweshan mai ƙarfin takwas da ke fitar da nisan tauraron. Ɗalibi mai ɗan hannu a Python zai rubuta wannan cikin mako guda, kuma abu ne mai daɗin tsayawa a kare gaban malamai, domin kowane mataki ana iya rubuta shi a allo.

Yadda ake awon ma da sauƙi a baki. Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka buɗe idonta na sakan ɗaya ko biyu, tauraron ya ja farin layi a tsakanin taurarin Allah. Ka ba manhajar Astrometry.net hoton, ta gane waɗanne taurari ne a ciki, ta gaya maka ainihin kusurwar kowane ɗigo. Da gilashi mai milimita 50 a kan kyamarar da masu hoton biki ke riƙewa, ɗigo ɗaya yakan yi daidai da sakan na kusurwa 15 zuwa 20, shi kuwa digiri ɗaya sakan 3,600 ne. A nisan kilomita 1,000 wannan bai wuce mita 100 ba. Rediyo mai araha ba zai ba ka kusa da wannan a wucewa ɗaya ba. Ga kuma wata riba: kyamara ba ruwanta da ko tauraron yana magana ko ya mutu. Gangar roka da aka yar shekara talatin da suka wuce ma tana sheƙi.

To amma sai an ga tauraron, kuma nan ne Bauchi ke nuna halinta.

Tauraron ɗan'adam ba shi da fitila, hasken rana yake aro. Dole ne ya kasance a cikin rana alhali kai kana cikin duhu. Wanda ke tsayin kilomita 400 a saman kanka, kamar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, yana faɗawa inuwar duniya idan rana ta nutse kusan digiri 20 ƙarƙashin gefen sama. Mu da muke digiri 10 da ɗoriya arewa da ikwaita, rana kan faɗi a tsaye, kusan digiri 15 a awa. Ke nan minti tamanin bayan faɗuwar rana an rufe kasuwa, kuma rabin farko na wannan lokacin sama ba ta yi duhun da taurari za su fito a hoto ba. Abin da ya rage maka shi ne daga fitowa sallar magariba zuwa kiran isha'i, sai kuma makamancinsa wajen asuba. Mai tsayin kilomita 800 yakan ƙara maka rabin awa. Turawan da ke rubuta yawancin bayanan da ɗalibai ke karantawa suna can arewa mai nisa, inda a lokacin zafinsu ake ganin taurarin kusan dare duka, shi ya sa ba sa yawan ambaton wannan.

Sannan taurarin ɗaukar hoton ƙasa da yawa, irin falakin da aka ɗora NigeriaSat-2 a kai a 2011, ana tsara su ne su riƙa wucewa da hantsi, sannan su sake wucewa wajen ƙarfe goma da rabi na dare. Da hantsi rana ta dushe su, da dare suna cikin inuwa. Ba za ka gan su ba ko da kyamarar wa ka aro.

Sai yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, a marka ma sai a yi mako ba a ga tauraro ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Na taɓa hawa saman wani bene a Gwallameji cikin Janairu, sanye da rigar sanyi, na kafa kyamara tun kafin magariba ina jiran wata gangar roka da lissafi ya nuna za ta ratsa ta kudu. Sama ba gajimare ko ɗaya, amma fari fat kamar an watsa toka. Hotuna sittin na ɗauka. A cikinsu manhajar ta iya gane taurari a guda huɗu kawai, duk waɗanda na ɗaga kai sosai, kuma layin rokar bai faɗo a ko ɗaya ba. Da na sauko, gilashin ya yi ƙura har ana iya rubutu a kai da yatsa. Lokacin da sama ke wankuwa da gaske a wajenmu shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin saukar hunturu, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. In jadawalin makarantarku bai bar maka waɗannan makonni ba, ka yi tunani sau biyu.

Babban abin da ke kayar da masu kyamara kuwa ba sama ba ce, agogo ne. Tauraron ƙasa-ƙasa na gudun kusan kilomita bakwai da rabi a sakan. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan ya zama mita 750. Me amfanin kusurwar da ta yi daidai da mita 100 in agogon kyamararka ya yi gaba da sakan uku? Agogon cikin kyamara ba abin dogaro ba ne, kuma tsakanin danna maɓalli da buɗewar idon akwai jinkirin da ba kullum yake ɗaya ba. Masu yin abin da gaske na amfani da kyamarar bidiyo da ke haɗe da kwamfutar da GPS ke saita wa lokaci, da manhaja irin STVID ta Cees Bassa. In ba ka da wannan, aƙalla ka ɗauki hoton allon da ke nuna lokacin GPS kafin awo da bayansa.

Akwai wata dabara da ƙasarmu ta ba mu kyauta. Bauchi da Gombe kusan a layi ɗaya suke daga yamma zuwa gabas, tsakaninsu kimanin kilomita 145 a miƙe. In kai kana nan, abokinka na can, kuka ɗauki tauraro ɗaya a sakan ɗaya, mai tsayin kilomita 500 zai bayyana a wurare biyu da suka bambanta da kusan digiri 16 a tsakanin taurari. Daga wannan bambanci nisa ya fito kai tsaye, kamar yadda ido biyu ke gane nisan abu. Ka sami cikakken matsayi sau uku, ka huta da ikweshan mai ƙarfin takwas, ka koma hanyar Gibbs, ko ta Herrick da Gibbs in wuraren uku na kusa da juna. Aiki ne mai kyau ƙwarai ga ɗalibai biyu. Sai dai yanzu sama biyu kake roƙo su wanku a dare ɗaya, agogo biyu kuma su yarda da juna.

Mu juya ga eriya.

Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, yana fitar da ƙara a megahaz 20 da 40. Wasu matasa biyu a ɗakin binciken jami'ar Johns Hopkins, William Guier da George Weiffenbach, suka lura muryar tana sauyawa yayin da yake wucewa, kamar yadda ƙarar babur ke sirancewa in ya taho ta yi kauri in ya wuce. Wannan shi ne sauyin Dofla. Suka nuna cewa daga siffar sauyin kaɗai ana iya fitar da falakin. Shugabansu Frank McClure ya juya tambayar: in an san falakin, ai ana iya gano inda mai sauraro yake. Daga nan aka haifi tsarin Transit, wanda jiragen ruwan yaƙin Amurka suka fara aiki da shi a 1964, kakan GPS ɗin da ke wayarka.

Kayan aikin yau, ban da kwamfuta, ba su kai kuɗin ƙaramar wayar Android ba. 'Yar na'urar RTL-SDR mai karɓar siginar rediyo, mai kama da filash, kwamfutar tafi-da-gidanka, da eriya. Tamu mun haɗa ta ne da tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina da fayif ɗin roba da muka sayo a Wunti. Muka yanka tef ɗin gida-gida, muka ɗaure da salatif, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wannan kuma wace tashar take kamawa?" Ƙananan taurari masu yawa, irin na jami'o'i, suna magana a wajen megahaz 437. Shi ma Nigeria EduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure, da aka sako daga tashar sararin samaniya a 2017, a nan yake magana kafin ya faɗo a 2019. A wannan firikwansi, tauraron kan ɓullo da ƙarin kusan kilohaz 10, ya faɗi da ragin kusan 10, duk cikin minti goma ko sha biyu. A allo za ka ga layi ya lanƙwashe kamar maciji. Tsakiyar lanƙwasar ita ce lokacin da ya fi kusa da kai, tsinin gangarenta kuma shi ke faɗin kusancin: in ya bi ta saman kanka gangaren ya yi tsaye, in ya bi ta gefe ya kwanta.

Alherin rediyo a fili yake. Rana, dare, hazo, hadari, duk nasa ne. Tauraro mai bi ta kusa da ƙuryoyin duniya na arewa da kudu kan leƙo mu kusan sau huɗu a kwana, domin a kowane zagaye na minti 95 ƙasa ta juya kusan digiri 24, kuma ko biyu ne kawai masu kyau, a mako ka tara sha huɗu. Mai kyamara na iya yin wata bai tara haka ba. Kuskuren agogo yana nan, amma kwamfuta ce ke rubuta lokacin, kuma saita ta da intanet ko GPS abu ne mai sauƙi.

Ciwon rediyo na wani wuri ne. Na farko, ba ka san ainihin firikwansin da tauraron ke fitarwa ba. An rubuta 437 da wani abu a takarda, amma na'urarsa na shiga rana tana fita, tana ɗumi tana sanyi, muryar na ɗan zamewa. Taka na'urar ma haka. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan a wannan firikwansi haz 437 ne, wanda lissafi zai karanta a matsayin gudun mita 300 a sakan da babu shi. Na'urori marasa suna kan kauce da gomman wannan, kuma a zafin Afrilu a saman kwano sai ka ga layin yana tafiya da kansa. Ka sayi mai TCXO a ciki, wadda aka yi don jure sauyin zafi, ka kunna ta minti ashirin kafin awo, ka sa ta a inuwa. Duk da haka sai ka ɗauki firikwansin a matsayin abu na bakwai da ba a sani ba, ka bar lissafi ya nemo shi tare da sauran shida.

Na biyu, wucewa ɗaya ba ta iya bambance gabas da yamma sosai. Tauraron da ya bi ta gabashinka da wanda ya bi ta yammacinka a nisa ɗaya kusan lanƙwasa ɗaya suke zanawa. Juyawar ƙasa ce kaɗai ke ɗan bambanta su, kuma da na'ura mai araha wannan ɗan bambancin kan nutse cikin hayaniya. Maganinsa tara wucewa da yawa, ko kuma abokin nan na Gombe.

Na uku, hayaniyar unguwa. Inbata, cajar sola, janaretan maƙwabci, fitilun LED masu araha, duk suna zuba ƙazanta a allo, musamman a megahaz 137 da 145. Abin dariya, lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tada injuna shi ne muka fi samun allo mai tsabta. Akwai kuma wani abu da yake namu na musamman. Ikwaitar maganaɗisu ta ratsa arewacin Najeriya, ba nisa da mu, kuma a irin wannan yanki saman iska mai caji kan rikice bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Satumba zuwa Oktoba. Sai ka ga sigina na ɓacewa tana dawowa. Wucewar safe ta fi natsuwa.

Sai babban abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya sa hannu: da Dofla kaɗai, daga tasha ɗaya, fitar da falaki daga babu abu ne mai wuya. Ba ta da hanya gajeriya irin ta Gauss. Abin da ake yi shi ne a fara da ƙiyasi, misali tsohon TLE, a lissafa lanƙwasar da ya kamata a gani, a kwatanta da wadda aka gani, a gyara lambobin har giɓin ya ragu. Manhajar STRF haka take aiki. Wannan ba kwafa ba ce, domin awonka ne ke yin gyaran, kuma da irin wannan ne wani mai sha'awa a Kanada, Scott Tilley, ya gano a Janairun 2018 cewa tauraron IMAGE na NASA, wanda aka yanke ƙauna da shi tun Disamban 2005, yana nan yana magana. Haka kuma in roka ɗaya ta zubar da taurari da yawa, kamar 104 da Indiya ta harba a Fabrairun 2017, masu eriya ne kan taimaka wajen gane wane TLE ne na wane. Amma in malaminka abin da yake so ya gani shi ne falaki daga farko, ba tare da aron komai ba, ka tambaye shi tun yau, kada sai ranar kare aiki.

Ko wanne ka zaɓa, a wuri ɗaya za ku haɗu. Amsar Gauss daga kallo uku ƙiyasi ce kawai, tana iya kaucewa da gomman kilomita in kallon na kusa da juna. Dole a tace ta da sauran awon. Nan ma hanya biyu ce. Ta farko a tara duk awon a lokaci ɗaya a nemo falakin da ya fi rage jimlar murabba'in kurakurai, hanyar da Legendre ya wallafa a 1805, Gauss ya biyo a 1809 yana cewa ya riga shi amfani da ita. Ta biyu rariyar Kalman ta 1960, mai karɓar awo ɗaya bayan ɗaya tana gyara amsa, wadda aka yi aiki da ita a tafiyar Apollo. Ɗalibai na son sunan Kalman don yana da nauyi a baki. Ni ba na ba su shawararta. An yi ta ne don mai buƙatar amsa nan take, kai kuwa awonka na cikin fayil, ba inda za shi. Kuma in ka ba ta ƙiyasin kuskure mara kyau, sai ta riƙe amsar banza da ƙarfin hali, ba za ta nuna maka ba. A hanyar tarawa kana ganin giɓin kowane awo a zane, mummuna ya fito fili ka cire shi, ka faɗi dalili.

Kada kuma a ɗauka duniya ƙwallo ce. Daga tsakiya zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya 6,357. Wannan tumbi na kilomita 21 yana juya falakin tashar sararin samaniya yamma da kusan digiri biyar kowace rana. A wucewa ɗaya kana iya kau da kai, a awon kwana biyu ba ka isa ba. Sai jan iskar sama ga duk wanda ke ƙasa da kilomita 500 ko 600, wanda ke ƙaruwa in rana ta yi bore: a Fabrairun 2022 SpaceX ta yi asarar taurarin Starlink 38 cikin 49 da ta harba saboda haka. In da TLE kake aiki, da tsarin SGP4 kaɗai ake karanta shi. Wanda ya zuba lambobinsa cikin ikweshan ɗin Kepler tsura ya ɗauko kuskuren kilomitoci da hannunsa. Don gwada amsarka akwai manhajojin GMAT ta NASA da Orekit, duka kyauta.

Ɗan wan nawa ya so ya ɗauki NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Najeriya, wai don kishin ƙasa. Na hana shi. Yana can tsayin kilomita 35,786 a digiri 42.5 gabas tun bayan harba shi a Disamban 2011, daga Bauchi kana ɗaga kai kusan digiri 50 ta gabas. Ba ya motsi a idonmu, don haka Doflarsa kusan babu, kuma mu da shi kusan a faranti ɗaya muke da ikwaita, yanayin da hanyar Gauss ta fi rikicewa a ciki. Masu irin waɗannan taurari da aika sigina ta je ta dawo suke auna nisansu. Tashar sararin samaniya ma ban so ba, duk da haskenta: ana tada mata inji lokaci-lokaci a ɗaga ta, sai awon jiya ya ƙi haɗuwa da na yau ba laifinka.

Ga inda na tsaya. In za ka tara awo a kaka, kana da kyamarar da za ka iya daidaita wa lokaci, kuma abin da ake so shi ne lissafi daga tushe, ɗauki kyamara ka bi gangar roka mai tsayin kilomita 700 zuwa 900. In akwai na Gombe, ku yi tare, aikinku zai fi na kowa. In kuwa watanninka sun faɗa damina ko hunturu, ko kai kaɗai ne, ko zangon karatu ɗaya gare ka, ɗauki eriya, ka zaɓi ƙaramin tauraro ɗaya mai fitar da sigina a kai a kai, ka bi shi mako biyu, ka gyara abubuwa biyu ko uku kawai: tsawon zagaye, inda yake a kan hanya, da firikwansi. Ga mafi yawan ɗaliban da na sani, wannan na biyun ne zai kai su ƙarshe. Kuma ko wanne ne, matsayin tasharka ya zama na WGS84 irin na GPS, da tsayinta a ciki, Bauchi kusan mita 600 take sama da teku. Lambobin tsohuwar taswirar safiyo ta ma'aunin Minna sun bambanta da gomman mitoci.

Shi dai eriyar ya ɗauka, don awonsa ya faɗo Janairu. Bayan kwana goma ya kira ni da dare, muryarsa a sanyaye.

"Baffa, babu wadda ta hau. Lanƙwasa goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta zo kusa da lissafin ba. Ina jin na'urar ce."

Na ce ya karanto mini lokacin wucewa ta farko daga fayil, sannan daga littafinsa. Suka zo daidai, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu na safe. Na tambaye shi agogon ina ne. Ya yi shiru. Kwamfutarsa na rubuta agogon Najeriya, manhajar kuma na ɗauka agogon duniya na UTC ne, tazarar awa ɗaya cur, wadda a cikinta tauraron ya ci kusan kashi biyu cikin uku na zagayensa. Ya cire awar. Tara suka hau, biyu ya gano ba ma tauraron nasa ba ne, wani ne mai magana kusa da firikwansinsa, kuma a babi na huɗu ya ba su shafi guda nasu.